Kayan aro ba ya rufe katara: maganar dashen fata ga masu ƙuna

Idan ƙuna ta yi zurfi har ta cinye fata duka, gyambon ba ya rufuwa da kyau sai an dasa masa wata fatar. A nan ne gardama kan tashi tsakanin likita da dangi. Likita ya ce za a yanko fata daga cinyar majinyaci, dangi kuwa su ce a'a, ga wansa lafiyayye, a ɗebi tasa, kada a ƙara wa mai ciwo wani ciwon. Tausayi ne ya kawo wannan magana, amma likita ne ke da gaskiya, kuma ya kamata jama'a su san dalili.

A cikin jini akwai waɗansu fararen ƙwayoyi masu tsaron jiki. Naman kowane mutum yana da tasa shaida, kamar yadda makiyayi ke yi wa dabbobinsa, ƙwayoyin nan kuwa sun san ta gida. Idan aka dasa fatar wani, da farko sai ta yi kamar ta kama, har jini ya shige ta. Daga nan masu tsaro su gane baƙuwa ce, su auka mata, su lalata hanyoyin jininta, kamar cikin mako biyu ta yi baƙi ta saɓule. Ga wanda wuta ta ci ƙwarai takan ɗan jima, domin tsaron jikinsa ya raunana, amma ƙarshenta ɗaya ne. Fatar tagwaye masu kama ɗaya kaɗai ke zama a jikin juna.

An tabbatar da haka a 1943 a Gilasgo ta ƙasar Birtaniya, inda Tomas Gibson da Pita Medawar suka bi jinyar wata mata da ta ƙone. Aka dasa mata tata fatar da ta ɗan'uwanta. Tata ta kama, ta ɗan'uwan ta mutu. Da aka sake dasa tasa, sai ta mutu da sauri fiye da farko, watau jiki ya riƙe kamannin baƙon bai manta ba. Bincike a kan wannan fanni ya kai Medawar ga kyautar Nobel a 1960.

Wani zai ce ai akwai maganin da ke kwantar da masu tsaron nan, irin wanda ake bai wa wanda aka yi wa dashen ƙoda. Akwai shi, sai dai babban abin da ke kashe mai ƙuna shi ne cutar da ke shiga ta gyambo. Kwantar da tsaronsa buɗe wa mutuwa ƙofa ne.

Duk da haka fatar aro tana da amfaninta. Tana rufe gyambo na ɗan lokaci, ta hana ruwan jiki tsiyayewa, ta rage zogi, kafin a samu ta mai ita. Saboda haka in ta faɗi, kada a ce likita bai iya aiki ba. Ita kuwa cinyar da aka ɗebi fata, saman kawai ake ferewa, takan warke cikin mako biyu ko uku, har a sake ɗiba. Ana kuma tsattsaga fatar kamar raga, ta miƙe ta rufe wuri ninki biyu ko uku.

Fashewar motar dakon mai kusa da filin jirgin saman Yamai a watan Mayu na 2019, wadda ta kashe mutane fiye da 50, ta nuna yadda masu ƙuna kan cika asibiti dare ɗaya. Wajibi ne hukuma ta horar da masu aikin dashen fata a Maraɗi da Damagaram da Tawa. Wajibin dangi kuwa su zuba wa ƙuna ruwa mai sanyi na minti 20, su bar shafa mata toka ko kashin shanu, su kai majinyaci asibiti da wuri, in likita ya nemi izinin ɗibar fatarsa su ba shi.