KASUWAR FILAYE DA GIDAJE A LAMBARA: RIBA CE KO ASARA?

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari ta nufi Jega, zai lura da wani canji da yake ƙaruwa kowace shekara. Gonakin bakin hanya, waɗanda a da ake shuka gero da dawa da wake a cikinsu, yanzu an fara kakkafa masu duwatsun iyaka, wasu kuma an zagaye su da bulo. Garin Lambara da ƙauyukan da suke kewaye da shi suna kan wannan hanya. Mutane da yawa suna ɗaukar tashin kuɗin fili da na gida alamar ci gaba. Abin da wannan maƙala take son ta nuna shi ne, tashin nan yana iya zama asara ga manomi, in ba a yi hattara ba.

Kasuwar gida a ƙasar Hausa tana da lokutanta kamar yadda noma yake da nasa. Da kaka, in an kawar da amfanin gona, kuɗi ya shigo hannu, sai magidanta su fara shirin aurar da 'ya'ya da ƙara ɗakuna. Da rani ake buga tubali, a yi gini, a yi yaɓe, domin a lokacin ne ƙasa take bushewa kuma magina suke samuwa. Da bazara 'yan ci-rani suke dawowa da ɗan abin da suka tara, wani ya sayi kwano, wani ya sayi fili. Damina kuwa lokacin matsi ce: rumbu ya yi ƙasa, katangu suna zubewa, ga kuɗin taki da na magani. A daidai wannan lokaci ne dillalai suke samun gona da araha, domin mai sayarwa buƙata ce ta koro shi. Watau manomi yakan sayar a lokacin da fili ya fi araha, ɗansa kuma ya zo neman wurin gini a lokacin da ya fi tsada.

Tushen wannan al'amari yana cikin birnin Sakkwato. Tun da aka mai da birnin hedkwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967, ma'aikata suka yi ta kwararowa suna neman muhalli. A 1975 aka kafa jami'ar da a yau ake kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a 2009 kuma aka kafa Jami'ar Jihar Sakkwato a gefen birni ta wajen filin jirgin sama. Wurare irin su Arkilla da Bado da Mabera da Gagi, waɗanda dattawa suka sani a matsayin bayan gari, yau unguwanni ne. Daɗin daɗawa, rashin tsaro a gabashin jihar, musamman yankunan Sabon Birni da Isa da Rabah, ya tilasta wa iyalai masu yawa barin garuruwansu, suka ƙara yawan masu neman haya. In fili ya gagari mai ƙaramin ƙarfi a birni, sai ya bi hanya ya nemi inda ƙarfinsa zai kai. Mai kuɗi kuma yakan riga shi zuwa, ya sayi gonaki ya yayyanka su fuloti-fuloti ya ajiye, yana jiran shekara ta zagayo.

Kayan gini su ma ba su tsaya wuri ɗaya ba. Ko da yake kamfanin siminti yana Kalambaina tun shekarun 1960, kusancinsa bai sa siminti ya yi wa talaka sauƙi ba. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar Naira, kuɗin dakon yashi da na rodi da na kwano duk suka tashi, har buhun siminti ya haura Naira 10,000 a kasuwanni da dama a farkon 2024. Wannan shi ya sa ake ganin gine-gine sun tsaya a kan linta shekara da shekaru. Filin ya daina ba da hatsi, kuma bai zama gida ba.

Masu goyon bayan wannan ciniki suna cewa gona dukiyar mai ita ce, kuma kuɗin da zai samu a rana ɗaya ya fi abin da zai noma cikin shekaru. Akwai gaskiya a maganarsu, domin wanda bashi ko jinya ta tsare shi ba a ce masa ya rungumi gona ya zauna. Amma fa kuɗin gona ba sa daɗewa. A sayi babur, a yi biki, a biya bashi, kafin shekara biyu sun ƙare. Gonar kuwa da tana nan da ta ci da shi, ta ci da jikokinsa. Haka kuma yawancin gonakin nan na gado ne. Sau da yawa wani daga cikin magada yakan sayar ba da sanin sauran ba, musamman mata da marayu, ƙarshenta zumunci ya koma gaban alƙali.

Hukuma tana da abin yi, kuma doka ta ba ta dama. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, ta kuma bar wa ƙananan hukumomi ikon ba da izinin mallaka a karkara. Saboda haka ya kamata ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari su haɗa kai da uwayen ƙasa da hakimai su ware inda gari zai faɗaɗa, su hana yanka fadamu da gonaki masu albarka. Ya kamata kowane ciniki ya shiga littafi, da shaidu, da sa hannun dukkan magada. Wanda ya sayi fuloti ya bar shi kango kuma a ƙayyade masa lokacin gini, ko a bar mai gona ya ci gaba da nomansa kafin nan.

Ba sabon abu ba ne a ce gwamnati ta kula da muhallin talaka. Marigayi Alhaji Shehu Shagari, ɗan wannan yanki, da ya hau mulki a 1979 ya tsara gina gidaje 2,000 a kowace jiha duk shekara. Ba a kai ga cika burin ba, amma har yau akwai unguwanni a garuruwa da dama da ake kira da sunansa. Darasin da ke ciki shi ne gwamnati kaɗai ba za ta iya gina wa kowa gida ba. Abin da ya fi sauƙi shi ne a inganta ginin ƙasa wanda magina suka gada, a sa masa tushe mai ƙarfi da magudanar ruwa, domin gidan ƙasa ya fi sanyi da bazara kuma kayansa suna bayan gari.

Masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mutanen Lambara sun ga abin da ya sami ƙauyukan da birni ya haɗiye, inda 'ya'yan masu gona suka koma 'yan haya a kan ƙasar kakanninsu. Tun gonakin suna hannu ya kamata dattawa da hukuma su zauna su tsai da shawara.