Lasisi Ba Ya Mutuwa Tare Da Faifai

Ya ku 'yan'uwa malamai da 'yan kasuwa, ku sani idan faifan ajiya na kwamfuta ya lalace aka sa sabo, lasisin Windows bai tafi tare da shi ba, muddin na halal ne. Tun daga Windows 10, wanda ya fito a 2015, kamfanin Microsoft yana ɗaure lasisi ga babban allon na'ura ne. A sake ɗora irin wanda yake ciki a da, Home ko Pro, a haɗa da intanet, sai ya farka da kansa.

Saboda haka mai gyaran da ya ce sai kun sake biya, ko ya ɗora muku na sata, lalle ya zalunce ku. Wanda ya sayi halal, don me zai koma ga shubuha? Balle na sata kan zo da ƙwayar cuta mai cinye littattafai da lissafin bashi.

Amma wasu manhajoji, kamar na lissafin kanti, sukan nemi lambar mabuɗinsu. Ku rubuta ta a takarda, ku ajiye tare da rasit, tun faifai yana da rai.