Yawan Dodanni Ba Shi Ke Gyara Kashi Na Biyu Ba

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin matasan marubutanmu, wai in labari ya karɓu, sirrin kashi na biyu shi ne a ninka abin da ke cikin na ɗaya: in dodo guda ne a kawo ɗari, in mutum biyar suka mutu a kashe hamsin. Hujjarsu kuwa ba ta wuce fim ɗin nan na Amurka mai suna Aliens ba. Ni dai na ce wannan gurguwar fahimta ce, kuma da fim ɗin nasu zan kafa hujja.

A 1979 Ridley Scott ya fitar da Alien, labarin mutum bakwai cikin jirgin sararin samaniya mai suna Nostromo, da wata halitta guda tak da ta shiga jirgin ta cikin jikin ɗayansu, ta dinga yi musu ɗauki ɗai-ɗai. Abin da ya tayar wa masu kallo tsigar jiki shi ne rashin sani, domin ba a cika nuna dodon sosai ba, sai duhu da inuwa. Mace ɗaya, Ripley, ta tsira, daga ita sai kyanwa.

To, Bahaushe ya ce, ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe. Dodon da aka riga aka gani ba ya sake razana mutum kamar da fari. James Cameron ya gane haka da ya tashi yin Aliens a 1986. Ba na musun cewa ya ƙara dodanni, ya kawo sojoji da bindigogi. Amma don Allah ku duba inda ya soma. Ripley ta farka bayan barcin shekara 57, ta ba da labari, kamfanin da take wa aiki ya ƙaryata ta, kullum dare kuma mafarkin abin ke tashinta a firgice. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, amma ita sai ga ta ta koma duniyar da abin yake. A can ta tsinci marainiya Newt, yarinyar da ta kuɓuta ita kaɗai cikin mazauna wurin.

Nan tambayar labarin ta sauya. A na ɗaya muna cewa, shin matar nan za ta tsira da ranta? A na biyu kuwa muna cewa, shin za ta iya ceton 'yar da ba ita ta haifa ba? Shi ya sa karon ƙarshe ya zama na uwa da uwa, wato Ripley da sarauniyar dodanni mai kishin ƙwayayenta. Sigourney Weaver, wadda ta fito a Ripley, har ta shiga jerin masu takarar kyautar Oska ta gwarzuwar 'yar wasa. Ku gaya mini, ƙarar bindiga ce ta kai ta can?

Ga kuma waɗanda suka kauce. Alien 3 na 1992 ya kashe Newt da sojan nan Hicks tun a buɗewar fim, ya zubar da abin da aka sa mai kallo ya damu da shi. Yana da masoyansa, na sani, amma shi kansa David Fincher da ya ba da umarni ya nesanta kansa da shi daga baya. Shi kuma The Thing na 2011, wanda ya ba da labarin abin da ya gabaci na John Carpenter na 1982, sai ya bi sawun tsohon kusan taku da taku, ya fito da dodon fili da zanen kwamfuta, ya kuma faɗi a kasuwa. Ɗaya ya yi watsi da gado, ɗaya ya kwafe shi.

'Yan'uwa, da mu nake. Littattafanmu nawa ne ke ƙarewa da cewa mu haɗu a littafi na biyu, sai mai karatu ya biya kuɗinsa ya tarar da jarumar nan yadda ya bar ta, kamar ba ita aka yi wa sakin wulaƙanci a na ɗaya ba, illa dai an ƙaro mata kishiya ta uku? Wannan cin amanar mai saye ne. Kafin ka ɗauki biro, tambayi kanka: wane tabo na ɗaya ya bar wa jarumina, kuma me zai rasa yanzu wanda da can ba shi da shi? In ba ka da amsa, rufe labarinka a littafi guda, mutuncinka ya fi. Allah ya sa mu gyara.