Ba Matilda ce ta ci amana ba

Ran nan bayan darasin tarihi, wani abokinmu ya ce wai girman kan mace ne ya jefa Ingila cikin yaƙin basasa. Ni kam ban yarda ba, ga kuma dalilina.

A 1120 jirgin ruwa ya nutse da magajin Sarki Hanri na Ɗaya. Cikin ƴaƴansa na aure, Matilda kaɗai ta rage. A 1127 manyan ƙasa suka rantse ita za su bi, har da Etiyen, ɗan gwaggonta. Sarki na cikawa a 1135, taubashin nan ya ƙetare teku a gurguje, ya ɗare gadon. To, wa ya karya rantsuwa?

Marubutan zamanin sun ce izza gare ta. Haba! Namiji ya ƙwace sarauta a ce dabara, mace ta nemi gadon ubanta a ce izza?

Shi kansa Etiyen, mace ce ta cece shi. Da aka kama shi a Linkon a 1141, matarsa ta tara mayaƙa, aka cafke Robar, ɗan'uban Matilda, aka yi musaya. A 1154 kuma ɗan Matilda, Hanri na Biyu, ya hau gadon, ta jinin uwarsa.

Ƴan'uwa ɗalibai, kafin mu hardace hukuncin littafi, mu tambayi wa ya rantse, wa ya saɓa, wa kuma ya riƙe alƙalami.