Filin Jirgi Ya Fi Gida Wuyar Samu

A 2014 aka rufe ƙaramin filin jirgin sama na Panshanger a kudancin Ingila, domin masu wurin na son a gina gidaje. Magoya bayansu na cewa wurin shaƙatawar 'yan tsirarun masu hali ne, alhali iyalai na neman muhalli. Ƙarancin gidaje gaskiya ne, ban musa ba. Amma a irin waɗannan filaye masu ciyawa matuƙa da dama ke fara koyon tashi da sauka. Gida yana ginuwa ko a kangon tsohuwar masana'anta. Titin jirgi kuwa sai da shimfiɗaɗɗen fili, da sarari marar bene a gabansa, da maƙwabtan da suka saba da ƙara, kuma haɗa ukun nan ya yi wuya a yankin da ya cika da jama'a haka.