Murjanin Karebiyan Jari Ne Da Ke Narkewa

Yawancin 'yan kasuwarmu sun san murjani ne a matsayin dutsen ado. A haƙiƙa murjani halitta ce mai rai, wadda ke gina tuddai a ƙarƙashin teku. Tuddan ba su kai kashi 1 cikin 100 na faɗin ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in halittun teku sun dogara da su.

A tekun Karebiyan, nau'in Acropora, mai rassa kamar ƙahon barewa, shi ne ginshiƙin waɗannan tuddai. Tun daga ƙarshen shekarun 1970 wata cuta ta yi masa mummunar ɓarna, ƙazantar birane da yawan kamun kifi suka ƙara dagula lamarin. Amurka ta sanya shi cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana a 2006. Babban maƙiyinsa a yau shi ne ɗumamar ruwa. Idan zafi ya tsananta, murjani yakan fitar da ƙananan tsirran da ke ciyar da shi, ya yi fari fat, yunwa ta kashe shi. Hakan ta faru a gaɓar Fulorida a 2023, inda mafi yawan wannan nau'i ya mutu.

Asarar ta shafi aljihu kai tsaye. Tuddan murjani su ne ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta isa otal-otal da tashoshin jiragen ruwa, su ne maƙyanƙyasar kifi, su ne kuma ke jawo masu yawon buɗe ido.

Wasu ƙasashe sun farga. A 2019 jihar Kintana Ro ta Meziko ta yi wa tuddanta inshora, kuma bayan guguwar Delta ta 2020 aka biya diyyar kimanin dala 800,000 don gyara su. Kazalika a 2021 ƙasar Beliz ta sami rangwamen bashi bisa alƙawarin kāre kashi 30 cikin 100 na tekunta.

Waɗannan matakai abin yabo ne, domin sun shigar da murjani cikin littafin lissafi. Sai dai inshorar guguwa ba ta sanyaya ruwan teku. Ya wajaba bankuna da kamfanonin inshora da ke da jari a gaɓar Karebiyan su matsa wa gwamnatoci lamba kan rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Gina katangar siminti a madadin tuddan zai lashe maƙudan kuɗi, kuma kifi ba zai hayayyafa a cikinta yadda yake yi a murjani ba.