A adana tarihin aikin gayyar da aka yi bayan ambaliyar Maiduguri

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi kira ga masu zane, masu ɗaukar hoto, mawaƙa da 'yan fim na Arewa kan wani abu da ke neman ɓace mana.

Kowa ya ga hotunan 10 ga Satumba, 2024, ranar da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya afka wa Maiduguri. An ga ruwa a Kasuwar Monday da fadar Shehun Borno da Asibitin Koyarwa na Jami'a. Daga baya aka cika mana ido da hotunan manya suna miƙa tallafi. Allah ya saka musu da alheri, amma ba su kaɗai suka ta da garin nan ba.

Mu mutanen Gwange mun ga wasu bayin Allah da babu wanda ya ambace su. Masunta sun yi ta kai da komo da kwale-kwale suna kwaso tsofaffi da mata masu goyo. Da ruwa ya janye, samarin unguwa suka fito da shebur da baro suna bi gida-gida suna kwashe laka mai ɗoyi, kuma sai sun gama da gidajen zawarawa da marasa ƙarfi kafin su waiwayi nasu. Na ga wani dattijo magini, ɗakinsa a zube, yana ɗora wa maƙwabciyarsa bulo, jikansa na miƙo masa kwaɓaɓɓen siminti a kwano. Mata kuwa a bakin layi suka kafa murhu, wannan ta kawo mudun shinkafa, waccan ɗan mai, a dafa a raba wa masu aiki. Ko sisi ba a biya kowa ba.

To, wa ya zana wannan dattijon? Wace waƙa aka yi wa matan nan? Abin da ya rage yana cikin wayoyin mutane, kuma ranar da waya ta lalace ko aka sace ta, shi ke nan. Ambaliyar 1994, wadda ita ma daga Alau ta taso, yawancin matasanmu a bakin dattawa kawai suke jin labarinta.

Aikin ba gagarau ba ne. 'Yar garin nan, Fati Abubakar, ta nuna hanya da hotunanta na Bits of Borno, inda ta nuna wa duniya 'yan kasuwa da 'yan makaranta da amare a lokacin da ba a jin komai daga Borno sai tashin bam. Malamai da ɗaliban zane na Jami'ar Maiduguri su shiga unguwanni su tattara hotunan da ke cikin wayoyin mutane, da izinin masu su, su zana fuskokin masu gayyar a bangon makarantu. 'Yan Kannywood su ma labari ga shi nan a ƙasa. Fatana dai a nuna mutanen da shebur a hannu, cikin mutuncinsu, kada a mayar da su mabarata.

Ambaliyar da aka yi a Mokwa a watan Mayun 2025 ta nuna ruwa bai gama da mu ba, kuma yaranmu na bukatar su ga yadda maƙwabci ke tsaya wa maƙwabci. Kai ma, Malam Edita, ka ware shafi ka nemi masu karatu su aiko da hotunan da ke hannunsu tun kafin su salwanta.

Wassalam.

Naka,
Mai karatu daga Gwange, Maiduguri